Ranar da na hana ƴan fadarmu ɗaukar ashana

Ƙanena ne ya jawo mini. Da ya dawo daga Abijan, kowa a gida ya samu tsarabarsa, wani atamfa, wani takalmi, ni kuwa aka miƙo mini wani ɗan baƙin ƙarfe mai tsawon yatsa, an ɗaure shi da igiya tare da wani siririn ƙarfe mai kaifin gefe. Ya ce, "Yaya, wannan ko a cikin ruwa ya kwana, sai ya ba ka wuta."

A daren na kwanta da waya a hannu ina bin asalinsa. Sunansa ferosiriyom. Wani masanin sinadarai ɗan Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, shi ya haɗa shi a 1903: baƙin ƙarfe ne aka gauraya da wani ƙarfe mai suna siriyom da danginsa. In ka kankare shi da ƙarfi, ɓarɓashin da ke tashi shi ke kama wuta da kansa a iska, zafinsa kuma yana kai wajen digiri 3,000. Akwai wani layi da ya ce wannan dai shi ne ɗan dutsen da ke cikin kowane birike na dala ashirin. Wannan layin ban ga amfanin faɗa wa kowa shi ba.

Ranar Asabar ƴan fadarmu suka shirya fita shan shayi a tuddan rairayin bayan garin Tahoua. Mu huɗu ne, har da taubashina, mutumin da Allah ya halitta don ya ga faɗuwata. Na tara su na ce kada wanda ya wahalar da kansa da ashana, wuta tana wuyana. Uwargida tana haɗa mini kaya, buta da finjalai da ganyen shayi da sukari, sai na ga ta jefa kwalin ashana a jaka. Na ciro shi na ajiye a kan tabarma.

"Malam, da dai ka tafi da ita."

"Mu ai mun wuce nan."

Ta dube ni irin kallon wadda ta shekara goma sha biyu tana ganin dabaruna, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Watan Janairu ne, iskar hunturu tana kaɗawa har rairayi na shiga haƙori. Muka sauka daga babura, aka shimfiɗa tabarma, aka zuba gawayi a mangal. Na durƙusa, na naɗe hannun rigar shaddata, na yi bisimilla, na kankara.

Shiru.

Na sake. Na sake. Ashe sabon ƙarfen yana zuwa da baƙin fenti a jikinsa, sai an kankare shi tukuna. Wannan ma yana cikin abin da na karanta, amma lokacin hankalina yana wajen digiri 3,000. Da fentin ya fita, tartsatsi ya watsu fari fat kamar wajen mai walda. Aka yi ta kabbara. Na ɗaga kai na dubi taubashina ɗaya bayan ɗaya, ko da yake shi kaɗai ne.

Sai dai gawayi bai san da zuwan Bature ɗan Ostiriya ba. Tartsatsin ya yi ta sauka a kansa yana mutuwa. Na ce a kawo busasshiyar ciyawa. Na tara ta, na danna ƙarfen da dukan ƙarfina, hannuna ya zarce ya doki tarin, iska ta kwashe sauran ta yi yamma da shi. Karo na uku na zarce da babban yatsana. Karo na biyar wani abu ya kama, na ji ƙauri, na yi murna, sai na ga gaban rigata ne. Ramuka uku, jere kamar an auna, a shaddar da na ɗinka da Sallar layya.

Cikinmu akwai wanda ya shekara goma yana shan taba, ya daina a azumin bara. Ranar nan babu irin baƙar maganar da bai sha ba saboda wannan tuban nasa. Taubashina kuwa ya saita waya a kaina yana bayani da murya irin ta ƴan jarida: "Jama'a, ga injiniya a bakin aiki, minti na arba'in."

Ana haka wani tsohon makiyayi ya ɓullo daga bayan tudu da awakinsa, rawani ya rufe masa baki. Ya yi sallama, ya jingina da sandarsa, ya kalle ni na wani lokaci.

"Ɗana, mi kake nema ga wanga ƙarhe?"

"Wuta, Baba."

Ya miƙo hannu na ba shi. Ya juya shi, ya shinshina, ya gwada sau ɗaya a iska. Bai ce komai ba, ya taka zuwa gindin wata tumfafiya, ya tsinko busasshen ɗanta da ya fashe, ya zaro farar audugar da ke ciki. Ya tsinci busasshen kashin jaki guda biyu ya murtsuke su a tafin hannu. Sannan ya tona ɗan rami, ya tsuguna ya ba iska baya, rigarsa ta zama katanga. Ya kafa bakin ƙarfen a cikin audugar. Abin kankarar bai motsa shi ba ko kaɗan, riƙe shi ya yi kam, ƙarfen ya fizgo baya. Sau ɗaya. Audugar ta yi fuu, ya yayyafa garin kashin jakin, ya ɗora ƴan tsinkaye, ya hura a hankali kamar mai lallashin jariri. Kafin in gama tsotsar yatsana gawayi ya yi ja.

"Ƙyastun babana sai ka yi ta bugu da dutse kafin ya ba ka tartsatsi guda," in ji shi. "Wanga ai na malalata ne." Ya miƙo mini kayana. "Ka yi lakwal, ɗana?"

"Na yi, Baba. Har jami'a a Yamai."

"An gani."

Muka riƙe shi ya sha shayi, don ba a rabuwa da irin wannan mutum haka nan. Ruwa ya tafasa, ganye ya nuna, taubashina ya jawo ledar sukari ya kwance bakinta. Sai ya tsaya. Ya tura yatsu biyu ciki a hankali, ya zaro kwalin ashana, ya karkaɗe shi, ya matso da shi daidai kunnena yana girgizawa.

Da magariba na shiga gida na ɗora jaka a kan ramukan rigata. Uwargida tana tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Sannu da zuwa, Malam. Sukarin ya ishe ku?"