Wai wane wasa ne ma naka?

Wallahi jama'a yau raina ya ɓaci ɓacin da ban san inda zan sa kaina ba, gara na zo nan na amayar da abin da ke cikina ko na samu na runtsa. Shekara da shekaru ina kocin tanis a wata jami'a a nan Amurka, na haɗiye abubuwa da yawa na yi shiru, amma na yau ya tsaya min a wuya.

Filinmu ya tsage. Tsagewar da har ciyawa ta fara leƙowa ta ciki, kusa da layin baya, daidai inda yaro ke taka ƙafa idan zai buga sabis. Makon jiya wani yarona ya bi ƙwallo ƙafarsa ta faɗa ciki ya yi targaɗe, yanzu da sanda yake zuwa aji. Na rubuta imel, shiru. Na sake rubutawa da hotuna, shiru. To yau na ce bari na taka da kaina zuwa ofishin wasanni na ga mataimakin darakta, wani matashi da aka ɗauko kwanan nan, wanda ranar da na fara wannan aiki ina jin ko sakandare bai gama ba.

Na ƙwanƙwasa na shiga na gaishe shi. Bai ɗago ba, yana ta danne-dannen waya, bai ce min zauna ba alhali ga kujera nan a gabansa babu kowa. Na tsaya da fayil a hannu. Can ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Koci, wane wasa ne ma naka?"

Wane wasa ne nawa! Ga rigar makaranta a jikina da hoton raket ɓaro-ɓaro a ƙirji, ga hoton yarana a bangon barandar da yake wucewa kullum safe, amma sai na gabatar da kaina. Na danne zuciya na ce tanis ne, yallaɓai, na miƙa masa hotunan filin da takardar likita. Ko karɓa bai yi ba, da biro ya nuna min gefen tebur wai na ajiye. Sai ya jingina da kujera ya ce, "Mutum nawa suka zo kallon wasanku na ƙarshe?" Na ce iyaye sun zo, ɗalibai ma sun ɗan zo. Ya ce, "Nawa kuka samu a ƙofa?" Na ce ai ya san ba a karɓar kuɗin shiga a wasanmu. Ya yi wani murmushi ya ce, "To ka gani."

To ka gani. Ƙafar yaro ta kumbura suntum, shi kuɗin ƙofa yake lissafi. Na ce yallaɓai ba alfarma na zo nema ba, filin makaranta ne, ɗalibin makaranta ne ya ji ciwo a kai. Ya ce me zai hana na nemi tsofaffin ɗalibai su yi karo-karo, wai kocin da ya san abin da yake yi shi ke nemo wa kansa kuɗi. Kuma wai kada na ɗaga murya da yawa a kan filin nan, don akwai masu ganin wurin zai fi amfani idan aka mayar da shi wajen ajiye motoci ranar wasan zari-ruga, wato ƙwallon ƙafa irin na Amurka. Ya ƙare da cewa, "In ni ne kai, godiya zan yi da har yanzu kuna nan." Wayarsa ta yi ƙara ya ɗauka, ya ɗaga min hannu alamar na ja masa ƙofa.

Godiya zan yi? Godiyar me? Na gode da ni ne direba, ni ke jan bas ɗin yara awa da awanni zuwa wata jiha mu buga mu juyo cikin dare, su suna barci a baya ni ina murza ido a sitiyari? Ko na gode da ni ke zama a kan injin ɗaura zaren raket har yatsuna su yi kanta, ni ke share ruwa a fili idan an yi ruwan sama, ni ke cike takardun NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, masu ƙirga awa 20 na atisaye a mako kamar wanda ake zargi da sata? Ranar gasa wasanni shida ake bugawa lokaci guda bayan an gama na bibbiyu, ni kaɗai ke gudu daga wannan fili zuwa wancan, wannan ya karaya a ba shi baki, wancan ana rigima kan layi. Yaron da ya baro iyayensa a wata nahiya ya zo nan bai san kowa ba, idan zazzaɓi ya kama shi tsakar dare lambata yake kira, ba ta mai ofis ba. Fiye da rabin 'yan tanis na rukunin farko a jami'o'in ƙasar nan daga waje suke, don haka aikin uba ma yana kanmu, kuma babu layinsa a takardar albashi.

Kuma abin ba yau ya fara ba. Shekaru da dama doka ta ce tallafin karatu huɗu da rabi kacal za a ba ƙungiyar tanis ta maza, ka zauna kana gutsuttsura shi tsakanin yara takwas ko tara, kana kallon idon uba kana ce masa ɗansa kashi kaza zai samu. Ka sha wahala ka nemo yaro, ka gyara masa hannu shekara biyu, da ya fara haske sai ya sa sunansa a rajistar sauya makaranta wata mai kuɗi ta ɗauke, kuma ban ga laifin yaron ba, kowa gaba yake nema. A 2020 da korona ta zo wa aka fara yankawa? Jami'ar Iowa ta rufe tanis na maza, Minnesota ma ta rufe, makarantun da ke cikin Big Ten, ƙungiyar wasanni ta manyan jami'o'i masu kuɗi. Koci ya wayi gari babu ƙungiya babu aiki, yara suna tattara kaya. A wannan ƙasar dai, a 2023, jami'ar Texas A&M ta kori kocin zari-rugarta Jimbo Fisher ta ɗauki nauyin biyansa sama da dala miliyan 75 don kawai ya tafi gida. Kuɗin sallamar mutum ɗaya! Filaye nawa za a shafe da wannan, yara nawa za su yi digiri da shi?

Da can mutum yana iya gina rayuwarsa a wannan aiki. Dick Gould ya yi shekara 38 yana kocin maza a Stanford ya ci kofin ƙasa sau 17, a hannunsa John McEnroe ya ci gasar NCAA a 1978. Arthur Ashe daga UCLA ya fito. John Isner a Georgia ya yi karatu, Danielle Collins da Emma Navarro a Virginia, Ben Shelton kuma a Florida ƙarƙashin mahaifinsa Bryan ya ci gasar NCAA ta 2022. Duk wani koci ne ya tsaya a rana yana jefa musu ƙwallo kwando bayan kwando. Amma idan Shelton ya buga a US Open kowa sai ya miƙe yana tafi yana cewa ɗan ƙasarmu, ranar Asabar kuma filin jami'ar da ke bayan gidansu, wanda shiga kyauta ne, ko leƙe ba sa yi. Mutanen nan 'ya'yan itace suke so, ban ruwa kuma a bar wa wani.

Ni yaron ofishin nan ma ba shi ne babban abin haushina ba, abin da aka koya masa yake maimaitawa. Laifin na waɗanda suka bari makaranta ta koma kasuwa ne. A 2025 kotu ta amince da sasancin shari'ar House, ƙarar da 'yan wasan jami'o'i suka kai NCAA kan haƙƙinsu na kuɗi, diyyar kusan dala biliyan 2.8, aka kuma ba kowace makaranta damar raba wa 'yan wasa har wajen dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Madalla, yara su samu haƙƙinsu, ba na baƙin ciki. Amma kowa ya san kaso mafi tsoka zari-ruga da ƙwallon kwando zai tafi, kuma idan aka zo cike giɓin aljihun wa za a laluba? Namu, da na masu ninƙaya, da masu kokawa, da masu guje-guje. Yarana 'yan waje kuwa bizar karatu ta ɗaure musu hannu, kuɗin talla da aka halatta wa 'yan wasan jami'a tun 2021 ma yawancinsu ba su isa su taɓa a nan ba.

Ina gwamnati? Yawancin manyan makarantun nan na jihohi ne, da harajin jama'a aka gina su, kuma a jihohi da yawa ma'aikacin gwamnatin da ya fi kowa albashi kocin zari-ruga ne ko na kwando, ya fi gwamna nesa ba kusa ba. 'Yan majalisa a Washington sun yi ta kiran zaman jin ba'asi kan wasannin jami'a, a zo a yi surutu gaban kyamara a watse. Idan lokacin Olamfik ya zo su ne a gaba wajen ƙirga lambobin zinare, alhali a jami'o'in nan ake renon yawancin 'yan wasan, a irin ƙananan wasannin da ake ce mana mu gode da ba a rufe ba tukuna. Gwamnonin da ke naɗa 'yan kwamitin gudanarwar jami'o'i suna zaune a ɗakin manyan baƙi suna kallon zari-ruga, waninsu ya taɓa tambaya ina kuɗin gyaran fili ya shiga?

Kwantiragina na shekara ɗaya ne, kullum haka, sai bazara ta zo na zauna ina jiran imel na ji ko da ni ko ba ni. Gobe da asuba akwai atisaye, zan sa mazugin roba a kan tsagar na ce wa yara su kauce wa wannan kusurwa, a filin da ranar Asabar za mu karɓi baƙi daga wata makaranta su zo su gani da idonsu.