Dutsen Judi: ina mutanen ƙauyukan?

Wani labari da na karanta ya ce zaman lafiya ya dawo Dutsen Judi da ke ƙasar Turkiyya, har masu ziyara na hawa ƙololuwarsa, amma ya tsallake mutanen da ke gindinsa. Wanda ya yi sharhi a kan labarin cewa ai Judi shi ne Dutsen Ararat, Malam, ba ɗaya ba ne: Ararat na can kusa da iyakar Iran da Armeniya, Judi kuwa yana lardin Shirnak, gab da garin Jizire, kuma shi Suratu Hudu ta ambata a matsayin inda jirgin Annabi Nuhu ya tsaya. Tun da yaƙin sojojin Turkiyya da PKK, ƙungiyar mayaƙan Kurdawa, ya ɓarke a 1984, musamman a shekarun 1990, an tashi ƙauyukan Kurdawa masu yawa a yankin, har da na Kiristoci. Makiyayi ya rasa makiyayar tumakinsa, manomi ya bar inabinsa ya koma zaman haya a birni. PKK ta sanar da rusa kanta a 2025. To, iyalan da aka kora, an ba su damar komawa gonakinsu, ko baƙi masu ɗaukar hoto kawai aka buɗe wa hanya?