Littafin binciken kisa da ba ya hana barci

A duk littattafan gano mai laifi, babu wanda nake ƙauna kamar mai taushin nan da za ka karanta da daddare ka rufe ka yi barcinka lafiya lau. Akwai gawa a ciki, amma ba a tsayawa kwatanta jini. Mai binciken ma galibi ba ɗan sanda ba ne, wata dattijuwa ce ko mai shagon littattafai da ta san kowa a gari. Wasu na raina shi, wai abin yara ne. Ni kuwa ina ganin ya fi na harbe-harbe wuyar ginawa, domin ba shi da tashin hankalin da zai rufe masa kurakurai.

A Ingila salon ya yi ƙarfi. Agatha Christie ta fito da Miss Marple a gajeren labari a 1927, sannan a cikakken littafi a 1930: tsohuwa mai zaren saƙa a cinya, a wani ƙaramin ƙauye. Makaminta sanin halin mutane. Takan saurari wanda ake zargi, sai ya tuna mata da wani ɗan ƙauyensu mai irin halinsa, daga nan ta kama bakin zaren.

Ginin yana farawa da rufaffen wuri: ƙauye, babban gida, jirgin ƙasa, inda baƙo ba zai faɗo daga sama ba. A ganina mutum biyar zuwa bakwai sun isa zargi. Ƙasa da haka mai karatu zai gano da wuri, fiye da haka sunaye su cakuɗe masa. Kowanne ya kasance da dalili, ko gado, ko kishi, ko rufin asiri, kuma kowanne yana ɓoye wani abu ko da bai shafi kisan ba. Mamacin kuwa gara ya zama wanda ya ɓata wa mutane da yawa rai, don kada jimami ya danne daɗin labarin.

Amma ran littafin shi ne alamu. Dole duk abin da mai bincike ya gani kai ma an nuna maka. Gwanintar tana wajen ɓoye shi a fili. Misali, mai aikin gida tana mitar ciwon baya, ta ce ga shara, ga wanki, ga kofuna uku da ta wanke da safe. Ka yi murmushi ka wuce. Sai a babin ƙarshe ka tuna ai an ce mutum biyu ne suka sha shayi daren nan. Wa ya sha a kofi na uku? Sau ɗaya aka faɗa, a tsakiyar raha, cikin jerin abubuwa marasa muhimmanci, shi ya sa ido ya tsallake. Wannan komawa baya da yatsa a shafi, kana cewa wallahi an gaya mini, shi ne daɗin da nake nema. Alamar bogi ma tana da haƙƙinta: in an nuna wani yana ƙona takarda cikin dare, dole a ƙarshe a faɗi abin da ya ƙona da dalilinsa.

Tun a 1929 Ronald Knox, wani limamin Katolika marubuci, ya jera ƙa'idoji goma. Daga ciki: a ambaci mai laifin tun farkon labari, babu aljanu ko tsafi a warware matsala, babu gubar da kimiyya ba ta sani ba, kuma kada sa'a kawai ta kai mai bincike ga gaskiya. Batun guba kuwa Christie ta san shi da hannunta, domin ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Inda yawancin sababbin littattafan ke faɗuwa shi ne ado ya fi gini. Ga kyanwa, ga kek, ga hirar maƙwabta shafi ɗari, amma alamu babu. Da marubuci ya ga ƙarshe ya matso, sai ya sa mai laifi ya ritsa mai bincike a ɗaki ya tona kansa da bakinsa. Wannan cin amanar mai karatu ne. Haka nan mayar da 'yan sanda wawaye don tsohuwa ta haskaka. Ya fi kyau su zama ƙwararru waɗanda mutanen gari ba sa sakin baki a gabansu.

Kisan ma ba dole ba ne. Mma Ramotswe ta Botswana, wadda Alexander McCall Smith ya fara rubutawa a 1998, yawancin aikinta neman miji da ya ɓace ne ko gano ɗan damfara, tana shan shayinta a ofis a Gaborone, kuma mai karatu na biye da ita har shafin ƙarshe.