Sahur da Ledar Ruwa Bakwai

A wani azumi da ya faɗo tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, na karanta a intanet cewa masana kimiyya a Amurka sun ƙiyasta tun shekarar 2004 cewa namiji baligi yana buƙatar ruwa kimanin lita 3.7 a rana, mace kuma lita 2.7. Da yake ledar fiya wata rabin lita ce, lissafina ya tsaya a kan leda bakwai da ɗoriya, kuma tunda mai azumi ba shi da damar sha da rana, na yanke shawarar shanye su gaba ɗaya da sahur, in yi tanadi irin na raƙumi.

Mai ɗakina ta zuba mini ido har na kai leda ta biyar, sannan ta ce, "Malam, lafiya kuwa?" Na amsa mata da cewa ilimi ne, na ci gaba da sha.

Ilimin ya fara aiki a masallaci, a sahun gaba, daidai ranar da liman ya ɗauko doguwar sura yana rera ta cikin natsuwa. Da na yi ruku'u na ji ruwa yana kaɗawa a cikina, har dattijon da ke gefena ya yi gyaran murya. Ana sallamewa na keta sahu, na zura takalmi, na nufi gida da saurin da bai dace da shekaruna ba. Har hantsi ina zarya tsakanin ɗaki da bayan gida, amma kafin azahar maƙogwarona ya bushe ƙamas.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, kuma sai da ta gama dariya kafin ta yi mini bayani. Ta ce, "Yaya, ƙoda ba ta ajiya, abin da ya yi yawa fitar da shi take yi, kuma ɗura ruwa haka lokaci guda yana iya tsarma gishirin jini har a kwantar da mutum a asibiti." Ta ƙara da cewa lita 3.7 ɗin ta haɗa da ruwan da ke cikin abinci, wanda yake kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma kunu da fura da nono da zoɓo duk suna shiga lissafi, balle kankana da fiye da kashi 90 cikin ɗari nata ruwa ne. Har shayi da kofi ma ana ƙirga su, duk da cewa suna ɗan ƙara fitsari. Lemon kwalba ne kawai ta yamutsa wa fuska saboda yawan sukari. Shawararta ita ce in rarraba sha tsakanin buɗa-baki da sahur, in riƙa duba launin fitsari, idan ya yi duhu in ƙara.

Muna cikin wannan darasi aka yi sallama a ƙofar gida. Ladan ne tsaye, riƙe da takalmana a hannu, yana neman nasa.