Lambun da ake shiga da hanci

A 1955 aka buɗe wani ɗan lambu a cikin babban lambun tsirrai na Brooklyn, a birnin New York na Amurka, musamman don makafi. Wata mata mai suna Alice Ireys ce ta tsara shi. An ɗaga fangalan shukar yadda hannu zai kai ba sai an tsuguna ba, an rubuta sunayen tsirran da rubutun makafi, aka kuma ba kowa izinin ya kama ganye ya murza ya sunsuna. Har wurin wanke hannu akwai.

Ni a ganina wannan dabara ta fi dacewa da mu a kan mutanen New York. Wa ke zuwa shan iska da rana tsaka a Kano ko Maraɗi cikin bazara? Sai bayan la'asar sakaliya ake fita, wasu ma sai bayan magariba, lokacin da jan fure da shuɗi duk sun zama ɗaya. Abin da ke saura shi ne ƙamshi. Furannin da ke buɗewa da dare yawanci farare ne, ƙamshinsu kuma ya fi ƙarfi, don da shi suke kiran ƙwarin dare.

Amma mu ido kawai muke yi wa lambu: ciyawa 'yar waje mai shan ruwa kamar rairayi, da furen da amfaninsa a tsaya a gabansa a ɗauki hoto. Alhali ga lalle, wanda duk wanda ya tashi a gidan da ke da shi ya san ƙamshin furensa da yamma. Ga darbejiya idan ta yi huda, ga lemun tsami, ga ɗoɗɗoya da na'ana'a a bakin hanya inda riga za ta goge su. Mutanen da ba sa ɗaura aure ba tare da turaren wuta da humra ba, wai su ne suka manta da hanci a lambu!

Za a ce masu asma fa? Gaskiya ne, shi ya sa ake ware wa irin wannan lambu kusurwa guda, a kewaye shi da gajeriyar katanga don kada iska ta kwashe ƙamshin. Babbar matsalar dai kwata ce da bola. Idan suna bayan katangar, ko gona guda aka shuka ta lalle, warinsu ne zai fara tarbar baƙo a ƙofa.