Na'urar busawa ba za ta kama direban da ya ɗauko mu daga Gombe ba

Makonnin baya na taso daga Gombe zuwa Bauchi a wata Sharon ta haya. Muna isa Alkaleri direba ya tsaya wurin mai shayi, na ga ya ɓare wani abu ya jefa baki, ya kora da shayi baƙi. Kafin mu kai gadar Dindima mota ta fara tashi sama. Wata dattijuwa a bayana ta ce, "Ɗan nan, don Allah ka rage, da jika nake." Ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Hajiya, ajali ɗaya ne." Muka yi tsit, kowa na karanta abin da ya sawwaƙa.

Kusa da shi na zauna, kuma ban ji warin giya ko kaɗan ba. Da 'yan rod sefti sun tare mu sun ce ya busa na'urarsu ta gwajin giya, sifili za ta nuna, su sallame shi. Abin da ya hana ni sakewa ke nan tun ranar.

Kada a ce na raina na'urar, aikinta take yi. Barasa idan ta shiga ciki takan wuce cikin jini, jinin ya bi ta huhu, wani ɗan kaso ya fito a numfashi, shi na'urar ke aunawa. Wani Ba'amurke, Robert Borkenstein, ya ƙera ta a 1954. Ingila ta sa ta cikin doka a 1967, da iyakar miligiram 80 na barasa a kowace mililita 100 ta jini. Kuma tana da sharuɗɗa. Akan jira kamar minti 15 zuwa 20 kafin mutum ya busa, don kada ragowar abin da ke cikin baki ya ruɗe ta. Dole a riƙa daidaita ta lokaci zuwa lokaci, in ba haka ba lauya mai wayo zai rusa shaidar a gaban alƙali. Masu cewa goro ko kofi ko wanka da ruwan sanyi na warware maye kuwa, kansu suke yaudara. Hanta ce ke wannan aiki, a hankali take yi, babu mai iya yi mata gaggawa.

To amma mu nan, giya ce kaɗai matsalarmu? Akwai masu shanta, kada mu yi wa juna ƙarya, har cikin waɗanda ke sahun gaba. Sai dai tun da Bauchi ta ƙaddamar da shari'a a 2001, mai sha ɓoyewa yake. Bulala tamanin ce haddi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya shaidar warin giya a bakin mutum ma karɓaɓɓiya ce, wato malamanmu sun san hujjar numfashi tun kafin a ƙera wata na'ura. Ƙwaya fa? Ba ta da wari, ba ta da kwalbar da za a gani, ba ta jawo irin wannan kunya. Direba zai haɗiyi tiramol a gabanka ya ce maganin gajiya ne. Gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, amma duk mai zama a tasha ya san ba a daina sha ba. Ga wiwi, ga gadagi. Babu ɗaya cikinsu da na'urar busawa ke gani. Sai gwajin yawu, ko fitsari, ko jini.

Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta 2007 ba giya kaɗai ta ambata ba, tuƙi cikin maye ta hana, na barasa ne ko na ƙwaya. Tarar da aka rubuta masa a jadawalin laifuffuka kuwa naira 5,000 ce. Ku kwatanta da kuɗin man da ke kai mota Gombe.

Inda ya fi yi mini ciwo shi ne bayan hatsari. Mota ta kife, an kwashe mutane zuwa asibiti, sai ka ji an ce gudun wuce sa'a ne, ko taya ta fashe, ko birki ya tsinke. Me ya sa shi gudun? Ba a tambaya. Jinin direba ya kamata a ɗauka cikin sa'o'in farko, domin jiki na ta wanke kansa, gobe ka zo mai yiwuwa babu abin da za ka samu. Mu kuma dangi, kafin a yi sadakar uku mun ce ƙaddara ce, mun yafe. Yafiya hakkin magada ce, ban isa in hana su ba. Amma fasinjojin da zai ɗauka mako mai zuwa ba su yafe komai ba, ba su ma san shi ba. Imani da ƙaddara bai taɓa soke diyyar kisan kuskure ba.

Na san za a ce gwaji zai zama wata sabuwar hanyar karɓar na goro a kan titi. Tsoron yana da tushe. Shi ya sa nake ganin a fara daga wuri biyu da ido ke da yawa: a tasha kafin mota ta tashi, a gaban shugabannin ƙungiyar direbobi, sai kuma a asibiti bayan duk hatsarin da aka rasa rai, likita ya ɗauki jini ya rubuta, ko direban ɗan waye. A kuma yi adalci, domin fitsari na iya nuna abin da aka sha kwanaki da suka wuce, ba lallai yana cikin maye a lokacin ba. Wanda likita ya rubuta wa magani ya nuna takardarsa.

Da muka sauka na samu wani ɗan kamasho na faɗa masa abin da na gani. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai wannan in bai sha ba ma ya fi hatsari, gyangyaɗi yake." Ina tsaye ina neman Keke, aka fara yi wa motarsa lodin komawa Gombe.