Raƙumin Dawa Ya Ci Bashi

Hantsi ya dubi ludayi a Tawa, hunturu na kaɗawa. Alhaji Na-Rowa ya birkice kantinsa kaf yana neman kayen da yake rubuta masu bashi. Sai ga ɗansa Ilu ɗauke da wani abu mai dogon wuya, Mushe, malaminsu na lakwal, na biye da shi.

MUSHE: Salamu alaikum, Alhaji. Albishirinka!

ALHAJI: In na ce goro sai na saya. Faɗi hakanan.

MUSHE: Ɗanka ya zo na ɗaya a aikin hannu a lakwal. Wannan za mu nuna ran bikin 18 ga Disamba.

ALHAJI: Mi ke nan? Tunkiya ce aka ja ma wuya?

MUSHE: Raƙumin dawa ne, irin na Kure, can kusa da Yamai. Duk Afirka ta Yamma a Nijar kaɗai suka rage. Da takarda ya yi shi. Faransawa na ce wa aikin papiye mashe, wato taunanniyar takarda.

ALHAJI: Taunanniya! Ilu, tuwon gidanmu bai isarka? Karatu na tura ka ko kiwo? Ko akuyar Hajiya sai ta rasa dusa take cin takarda.

ILU: Baba, suna ne kawai, ba a taunawa. Waya ake lanƙwasawa a fidda ƙafafu da wuya. Sai a yayyaga takardar buhun siminti, irin na Malbaza, siri-siri. A dama fulawa a kan wuta kamar koko, a zuba ɗan gishiri don kar ta yi fumfuna. A tsoma, a liƙa, a shanya. In ya bushe a ƙara wani bisa. Sau huɗu na yi.

ALHAJI: Tsaya. Koma baya kaɗan. Wace fulawa?

ILU: Rabin tiya ce kawai, Baba.

ALHAJI: Rabin tiya! Fanke nawa ke nan? An dama, an dafa, har da gishiri, sannan aka shafa ma waya!

MUSHE: Alhaji, dubi abin da yaro ya samu. Ilun da ba ya iya zama minti biyar, kwana shida yana jiran abu ya bushe. A Japan ma yara na ninke takarda mai kusurwa huɗu, ba almakashi ba gam, su fidda tsuntsu. Origami suke ce masa. Nan ake koyon awo da natsuwar hannu.

ALHAJI: Japan masu Toyota? To ya ninke mini Hilux, in yafe fulawar.

ILU: Ai da har ɗan raƙumin zan yi, takarda ce ta ƙare. Na roƙi mai tsire ya ce tasa ta ƙunshe nama ce. Sai na tsinci wani tsohon kaye ƙarƙashin teburinka. Duk ya cika da rubutu, ko shafi ɗaya bai rage ba.

ALHAJI: Mai shuɗin bango?

ILU: Shi fa. Takardarsa ma ta fi kama fulawa.

Alhaji ya zauna daɓas bisa buhun shinkafa. Mai shayin da ke gefe, wanda tun ɗazu kunnensa ke nan, ya bar butarsa a wuta ya matso.

MAI SHAYI: Allah ya maida alheri, Alhaji. Amma shari'a a fili take. Wanda ya ci bashi shi ke biya. Ga wanda ya ci nan tsaye, har wuya.

MUSHE: Haƙuri za ka yi, Alhaji. Dukiya ai ƙazantar hannu ce. Ni dai ban taɓa ganin aikin da ya faranta mini rai kamar wannan ba.

ALHAJI: Na ga alama. Tun da kuka zo bakinka bai rufe ba. Ilu, miƙo mini tabarau.

ILU: Ga shi, Baba. Fenti kawai ya rage.

ALHAJI: Matso da wuyan nan wajen haske. Madara gwangwani 4. Sukari. Bik. Jimla jika 7. Mushe! Tun shekarar bikin Tawa Sakola, 2017!

MUSHE: Ilu, maza ɗauko fenti! Raƙumin dawa ba zane ai jaki ne.

ALHAJI: Wanda ya taɓa shi da fenti sai mun je gaban alƙali. Yaro, ashe aikin nan na da albarka. Sau huɗu ka ce ka liƙa? Kullum in ɓare ɗaya. Nan zai zauna bisa tebur, duk mai shigowa ya gaishe shi.

MUSHE: To bikin fa?

ALHAJI: Ka biya wuya, in ba ka aron sauran.

MAI SHAYI: Ilu, ɗan albarka, zo nan. Ni dai ina can ciki, ko? Can ƙasa inda fulawa ta cinye rubutu?

ILU: A'a, Kawu. Kai ne na ƙarshe da na liƙa. Kana ƙarƙashin wutsiya.

ALHAJI: Ɗaga ta.